Ku Gama Dariyar, Sannan Ku Kawo Gizago

Na san abin da za ku ce, don haka bari in riga ku faɗa: Bakatsine zai yi zancen jirgin ruwa. To, ku yi dariyarku ku more. Malam Banufe, ina hango ka can Bida ka riƙe ciki. Bahaɗeje ya ajiye kifin da yake banda yana share hawaye. Bakabe kuwa daga Argungu har ya tashi yaro ya kirawo maƙwabta su zo su ji abin al'ajabi. Ikon Allah sai kallo. Da aka tashi rabon abokan wasa, Kanawa aka ba su Zage-zagi, Gobirawa aka ba su Yarbawa, mu kuwa aka dube mu a tsakiyar rairayi aka haɗa mu da mutanen da ke kwana a bakin gulbi su tashi a bakin gulbi. Ko ta ina muka juya, mai ƙarnin kifi ne ke jiran mu da tsiya.

Ban musa ba, birnin Katsina ba shi da kogi. Muna da Ginzo, wanda da rani abin da ke gudana cikinsa ruwan kwatamin gari ne, masu lambu na wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi su tare shi su shayar da latas da kabeji. Muna da kududdufai da kakanninmu suka bari sa'ad da suka ɗebi ƙasar gina ganuwa da gidaje, su ma yawancinsu an cike an yi shaguna a kai. Wanda ya hau hasumiyar Gobarau ya duba gabas da yamma, ba zai hango filafili ko ɗaya ba. Na yarda da wannan duka. Kun huce? To ku gyara zama, yanzu layina ne.

Kai Bakabe, sassauta murya tukuna. Masu ba da tarihin Kabi da bakinsu suke cewa mahaifiyar Muhammadu Kanta, wanda ya gina Surame, ɗiyar Sarkin Katsina ce. Su ne kuma ke ba da labarin wani ƙaton jirginsa da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin. To jirgin wa ke nan? Na ɗan ɗiyarmu. In za ka yi gardama, da kakanninka za ka yi, ni ɗan saƙo ne.

Kai kuma Banufe mai tinƙaho da Neja da Kaduna, a 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko, ya keta teku har Ingila, daga can ya wuce Makka ya sauke farali. Teku fa nake faɗa maka, mai gishiri, wadda ba a hango gaɓarta, ba mashigin Muregi ba. Kuma tun da ana lissafi, ruwan da ya fi kowane ruwa suna a adabin Hausa, wato Ruwan Bagaja, a Katsina Abubakar Imam ya zauna ya rubuta labarinsa a 1933, yana malamin Midil. Kogunanku duka, wanne aka taɓa sa wa yara a jarrabawa?

Bahaɗeje na ji yana cewa ai wannan duk cika baki ne, jirgi dai ba ya tafiya a kan yashi. Ashe ba ka da labari. A 1850 wasu Turawa uku, Richardson da Barth da Overweg, suka taso daga Tarabulus za su ƙetare Sahara, cikin kayansu har da jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta. Aka yanka shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma. Wata da watanni yana shan rana da guguwa a kan tozo. Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratso ta Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, jirgin kuwa aka kai shi Kukawa ta Barno. Can kafintoci suka harhaɗa shi, Overweg ya tura shi cikin Tafkin Cadi ya yi yawo har tsibiran Buduma. Ku riƙe wannan: jirgin da aka yanka huɗu, ya bushe ƙamas a hamada, hannun kafinta ya maido shi ya ɗauki mutum bai nutse ba.

Saura guda, sannan in shiga abin da ya kawo ni. Jirgin da ya fi kowane tsufa a duk Afirka, ina aka samo shi? Ba a Patigi ba, ba a Yawuri ba, ba a Matan Fada ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shanunsa a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da wani baƙin icce a zurfin kamar mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus suka tona, sai ga kwalekwale sassaƙen icce guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Yana cikin uku mafiya tsufa da aka sani a duniya, yanzu kuma yana ajiye a Damaturu. Waɗanda suka duba shi sun ce yadda aka fiƙe goshinsa ya nuna masassaƙin ba ɗan koyo ba ne, sana'ar ta daɗe kafin shi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Masunta nawa ne a ƙasar nan, amma mai sanda da malfa ne ya tono muku kakan jiragenku.

Nan zan ɗan ajiye wasa, ku ma ku ajiye.

Ku ruwa kuka tarar, mu ruwa ne ya tarar da mu. Banufe yana da Kyadya, mutanen da aikinsu ke nan tun kaka da kakanni, tuƙi da fito a kan Neja. Kabi da Yawuri suna da Sarkawa, suna da Sarkin Ruwa wanda in ya ce yau ba a shiga, ba a shiga. Yaron Haɗeja yana koyon iyo kafin ya iya ɗaure wando. Mu kuwa injiniya ne ya kawo mana namu. Aka datse Ajiwa a nan Batagarawa don birni ya sha, aka gama Zobe kusa da Dutsin-ma a 1983, aka yi na Jibiya a kan gulbin Gada, ga Sabke ta wajen Daura, ga Mairuwa a Funtuwa. Injiniya ya gama aikinsa ya naɗe taswira ya tafi, ya bar manomin gero da tafki a ƙofar gida. Gonar da yake zuwa da ƙafa ta koma tsallake. Kasuwar da ke nan kusa ta koma zagaye mai nisa. Sai wani mai ɗan hali ya sayo tsohon kwalekwale ya fara fito, alhali shi bai gaji tuƙi ba, wanda zai duba masa katako bai gaji sassaƙa ba, fasinjan kuma in ruwa ya wuce ƙirji sai salati. Ko an naɗa Sarkin Ruwa a irin wannan wuri, sarautar ba ta girmi dam ɗin ba.

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Aƙalla rai 29 suka salwanta, mafi yawa yara. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2022, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa a nan jiharmu, yara fiye da goma suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ku ma mutanen kogi abin bai ƙyale ku ba: na Wara a Jihar Kebbi, a Mayun 2021, da na Patigi a Yunin 2023, kowanne ya ci wajen mutum ɗari. Wannan ba abin gori ba ne tsakanin taubasai, kuma ba zan yi shi ba. Na kawo shi ne don wanda ke ganin Bakatsine ba shi da hurumi a zancen jirgi ya san mun biya kuɗin shiga zancen, da tsada kuwa.

Yawwa, ga wani mai shakka ya ɗaga hannu, wannan kuma ɗan gida ne. Ɗan'uwana ɗan boko, mai zama a GRA da makullin mota a yatsa, na ji ka. Ka ce tun da katako ne ke kashe mutane, a ƙone shi a huta, a kawo jirgin faiba. Ba kai kaɗai ke faɗa ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, da ma'aikatar da ke samanta a Abuja, sun sha kiran a raba mutane da jiragen katako. Ni ba na gaba da faiba. Wanda ya samu ya saya, Allah ya sa alheri. Amma ranka ya daɗe, ka taɓa tambayar kuɗinsa? Mai fiton da ke karɓar 'yan canji a kan kowane kai, shekara nawa zai yi yana tari? In kuma ya daki kututture ya tsage, wane kafinta ne a Ajiwa ke da sinadarin liƙe shi? Sannan jirgin mutum ashirin in aka loda masa hamsin, da babura, da buhunan masara, aka taso bayan magariba ba fitila, ba rigar kariya ko ɗaya, ko da ƙarfen jirgin sama aka ƙera shi ƙasa zai yi. Ranar da doka ta hana katako ba tare da an ba mutane madadin da za su iya saya ba, fito ba zai tsaya ba, sai dai ya koma na dare, inda ba mai gani.

Katako yana da hali, kuma duk wanda ya san halinsa ya zauna lafiya da shi. Yana son ruwa. In yana cikin ruwa sai ya kumbura, allunan su matse juna, kafofin su rufe. Abin da ba ya so shi ne a jawo shi tudu a bar shi. To a dam ɗinmu me ake yi? Da rani ruwa ya ja baya, jirgi ya zauna a kan busasshen laka, hunturu ya bi ta kansa, zafin bazara ya ƙarasa. Alluna su tsuke, tsakaninsu ya buɗe har ka hango haske. Ranar Sallah ko ranar kasuwa sai a tura shi ruwa a kira fasinja, a ba yaro gwangwani a ce ya riƙa kwalfewa. Hausawa sun gama magana tun tuni, ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin da ya sha rani yana bukatar a nutsar da shi a ruwa marar zurfi ya kwana biyu ya sha ya ƙoshi, sannan a kwalfe a ga inda yoyo ya rage.

Sai ƙusa. Ƙusar ƙarfe tana tsatsa, tsatsar kuma tana cin katakon da ke kewaye da ita, ya yi baƙi ya yi laushi, har allo ya zama a ɗofane yake kawai. Daga waje fenti na sheƙi, ciki kuwa dusa. Gwanin gyara ba ya yarda da fenti. Zai kife jirgin, ya kankare tsohuwar kwalta, ya bi allo ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guduma yana saurare, don lafiyayyen katako amonsa daban, ruɓaɓɓe amonsa daban. Inda ya yi shakka ya soka tsinin wuƙa. In ta shige ba gardama, allon ya tashi aiki, a ɓamɓare shi a auna sabo. Zai duba haƙarƙarin jirgin, wato gungumen da ke riƙe da alluna daga ciki, ya duba allon baya inda ake maƙala inji, don girgizar inji ita ke fara sassauta ƙusoshin wajen. Bayan nan a cusa auduga ko tsumma a tsakanin alluna da bakin kurfi, a narka kwalta a bi kai, inda tsagar ta yi faɗi a rufa da falle na gwangwani a jera masa ƙananan ƙusoshi. A ƙarshe a ja layin fenti a gefe, wanda in ruwa ya taɓa shi an gama lodi, ko surukin mai jirgin ne ya zo sai ya jira sawu na gaba.

A cikin duk abin da na lissafa, wanne ne ya fi ƙarfin kafintan Katsina? Zarto muna da shi, guduma muna da ita, auduga mu ke noma ta a Funtuwa da Malumfashi. Manyan itatuwan da ake sassaƙe jirgi guda daga cikinsu, irin su maɗaci da kawo, sun yi wuya ko a wajenku, shi ya sa ku ma kuka koma sayen katakon Kudu, irin wanda ke jibge a 'yan katako a kowane babban gari. Abin da muka rasa kunne ne, kunnen da ke jin amon allo ya san ya mutu. Wannan kuwa ba a sayar da shi a kasuwa, a wajenku yake.

Ga abin da nake nema, kuma bai kai kuɗin kilomita guda ta kwalta ba. A kafa rumfa guda a bakin Ajiwa, tun da ita ce kusa da birni. Rumfar kwano, da benci, da akwatin kayan aiki, da tukunyar narka kwalta. A ɗauko gwani ɗaya daga Yawuri ko Patigi, a ba shi ɗaki da albashi na shekara biyu, a haɗa shi da samari 'yan koyon kafinta, waɗanda dama muna da su birjik a cibiyoyin koyon sana'a da shagunan cikin gari. Duk jirgin da ke fito a dam ɗin ya zo rumfar sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya cika, a kife shi, a duba, a gyara, a rubuta masa lamba da adadin mutanen da zai ɗauka. Kowace tashar mota a ƙasar nan tana da bakanike da mai faci a gefenta, ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki ne. Mashigin ruwa ne kaɗai muka bari ba mai ko duba tayarsa. In ta Ajiwa ta kama, Zobe da Jibiya da Sabke su aiko da nasu yaran.

Wani zai ce, Malam, ana fama da 'yan bindiga a Jibiya da Safana da Batsari, kai kana zancen kwalta da auduga. Gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce Ajiwa ban ce Jibiya ba. Amma mutumin da hanyar mota ta gagare shi saboda tsoro, wace hanya kake tsammani zai bi in akwai ruwa kusa? Rashin tsaro ƙara wa jirgi lodi yake yi.

Wani kuma zai ce gyaran tsohon jirgi da bikinsa wasan Turawa ne, waɗanda suka ƙoshi. Ai kuwa suna yi. A garin Brest na Faransa, tun 1992 suke tara tsofaffin jiragen katako daga ƙasashe daban-daban suna biki. Mutanen Suwidin sun tsamo wani jirgin yaƙinsu mai suna Vasa a 1961, bayan ya shekara 333 a ƙarƙashin ruwa, suka gina masa gida ana biya a kalla, alhali jirgin nan ranar fitarsa ta farko ya kife, don an cika masa nauyi a sama. Kun ji, lodin ganganci ba mu muka fara ba. To amma don me zan tafi Turai neman misali? Bakabe, tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, kuke bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2016. Ranar Kabanci me kuke yi in ba tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa ba? Yawuri na da Rigata, Patigi na da tata. Wanda zai shiga tsere gaban Sarki ba ya zuwa da jirgi mai yoyo, don kunya. Biki shi ke sa mutum ya gyara abin da doka ta kasa sa shi ya gyara, mu kuwa Katsinawa an san mu da kunya tun a kirari.

Don haka rumfar nan tana bukatar ranarta. Rana guda a shekara, bayan kaka, ruwa ya cika ya kwanta, jiragen da aka gyara su fito da sabon fenti, kowane ƙauye da nasa. A yi tsere, a ba da kyautar jirgin da ya fi tsufa yana kuma aiki, a ba da ta kafintan da ya gyara shi. Yaran makarantun allo da na boko su zo, a sa musu rigar kariya, a koya musu iyo a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Wannan na ƙarshe ya fi tseren muhimmanci a wajena, amma na san in ba kiɗa da tsere ba wanda zai kawo ɗansa.

Na ga Banufe yana murmushi, wai Bakatsine da filafili, ai sai jirgin ya yi ta juyi wuri ɗaya. Za mu yi juyin, shekarar farko, ku zo ku kalla kyauta. Amma ka tambayi Turawan mulki labarin folo. Su suka zo da shi, Sarki Dikko ya gani ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya, ba a jima ba Katsina ta zama gidan wasan a ƙasar nan, Sarki Usman Nagogo kuma ya kai matsayin da har yau ake ba da labarinsa. Mutanen da suka iya bin ƙwallo da sanda a kan doki yana sukuwa, zama a kan benci da tura ruwa baya ba zai gagare su ba.

Saboda haka, taubasaina, bana mu bar gardamar wa ke bin wa kuɗin shara. Banufe ka kawo gizago da kurfi. Bakabe ka zo da mai koyar da iyo. Bahaɗeje, kai ka zo da kifi kawai, mun san abin da ka fi iyawa ke nan. Masauki da fura namu ne. Ku kuma 'yan majalisarmu na Batagarawa da Rimi da cikin birni, da shugabannin ƙananan hukumomin da ke da dam, rumfa guda da albashin gwani guda muke roƙo, a sa su cikin kasafin baɗi kafin wata Sallar ta zagayo.